Fim ɗin ramuwar gayya mai ƙaramin jari: wanne ya cancanci darenka, wanne za ka wuce?

Dare ya yi, ka gama hidimar yini, kana da kamar awa biyu kafin barci ya ɗauke ka. Ka buɗe jerin fina-finai, sai ga fostoci a jere kamar 'yan gida ɗaya: namiji ya murtuke fuska, bindiga a hannu, jini ya bushe a gefen gira, wuta tana ci a bayansa. Ɗan bayanin da aka rubuta a ƙasa ma duk kanwar ja ce. An kashe masa mata, ko ƙane, ko an sace 'yarsa, hukuma ta naɗe hannu, shi kuma ya rantse sai ya rama. A cikin wannan jerin akwai wanda zai riƙe ka har ka manta inda ka ajiye wayarka, akwai wanda zai ɗan biya buƙata, mafi yawa kuwa cinye maka dare za su yi a banza. Fosta ba za ta faɗa maka wanne ne wanne ba.

Na daɗe ina kallon irin waɗannan fina-finai, kuma ina son su har zuciya. Shi ya sa nake jin ciwo idan na ji an yi musu kuɗin goro, an ce fim ɗin araha ai araha ba ta ado. Tana yi, idan ta faɗa hannun wanda ya san abin da yake yi. Tambayar da na koyi yi kafin in danna fim ita ce: ɗan kuɗin da suka samu, a ina suka zuba shi? Amsar wannan tambaya ita ke raba na kirki da tarkace, fiye da yawan kuɗin kansa.

Akwai dalilin da ya sa mai ƙaramin jari yake rugawa ga labarin fansa. Labari ne da ba ya neman dogon bayani. Ka nuna zalunci a minti goma na farko, mai kallo ya riga ya ɗauki ɓangare, ko a wace ƙasa yake, ko da wane harshe yake magana. Ba a buƙatar gina birni, ba a buƙatar dubban mutane a fage. Mutum ɗaya, tsohuwar mota, kangon masana'anta, daji, sun isa. Magana kaɗan ce, saboda haka fassara shi ba wuya, sayar da shi a ƙasashen waje ma ba wuya. George Miller likita ne a Ostireliya, ya ga gawarwaki da raunukan haɗarin mota a asibiti, sannan ya fitar da Mad Max a 1979 da jarin da bai wuce dalar Ostireliya 400,000 ba. Fim ɗin ya tara kusan dalar Amurka miliyan 100 a duniya. Robert Rodriguez ya ɗauki El Mariachi, wanda ya fito a 1992, a garin Acuña na Meziko da dala 7,000 da 'yan kai, wani ɓangare na kuɗin ma ya same shi ne ta hanyar ba da kansa a gwada sabon magani a jikinsa. Da kyamara ɗaya ya yi aiki, kuma da ya so hoto ya tafi sumul babu girgiza, sai ya hau keken guragu aka tura shi. Waɗannan labarai su ke sa kowane matashi mai kyamara ya ga ai shi ma zai iya. Kaɗan ne suke iyawa, amma ƙofar a buɗe take, kuma wannan kaɗai abin yabo ne.

Kafin mu shiga cikin masu arahar, ya kamata a yi wa manyan adalci. Fim ɗin da aka kashe wa dala miliyan 80 ko 100 yana ba ka abubuwan da kuɗi kaɗai ke sayowa: sauti mai tsabta, haske da aka tsara, ƙwararrun 'yan wasa har a ƙananan matsayi, da lokacin sake ɗauka idan fitowa ba ta yi kyau ba. Abin da yake karɓewa a madadin haka shi ne kasada. Kamfanin da ya zuba irin wannan dukiya ba zai yarda jaruminsa ya zama abin ƙyama ba, ba zai so ya mutu ba don ana hangen kashi na biyu da na uku, kuma sau da yawa yakan rage zafin faɗan don a bar matasa su shiga sinima. Haka aka yi wa Taken na 2008 lokacin da za a nuna shi a Amurka, an datse wasu wurare. Akwai kuma kumbura. John Wick na farko, na 2014, da aka yi da tsakanin dala miliyan 20 zuwa 30, minti 101 ne. Kashi na huɗu, na 2023, da ya ci kusan dala miliyan 100, minti 169 ne. Akwai gwaninta a na huɗun ba shakka, amma a wurina na farkon ya fi shiga rai, domin har lokacin kana tuna abin da ya fito da mutumin daga gida. Idan abin da kake so shi ne ka zauna da jama'a a ga abin mamaki, kunne ya ji daɗi, ido ya ji daɗi, babban fim ya fi zama tabbas. Ba kasafai yake faɗuwa warwas ba, ba kasafai kuma yake ba ka mamaki a zuci ba.

Masu ƙaramin jarin kuwa ba jinsi ɗaya ba ne, duk da kamar da fostocinsu suke yi. Gida uku nake raba su.

Gida na farko shi ne wanda ya fi yawa, shi ne kuma nake gargaɗin kowa a kansa: fim ɗin da aka gina a kan fuskar tsohon tauraro. Yadda harkar take tafiya shi ne, furodusa yakan sayar da haƙƙin nuna fim a ƙasashe daban-daban tun kafin a kunna kyamara, abin da masu saye suke dubawa kuwa suna ne da fosta. Ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin Cannon na Menahem Golan da Yoram Globus ya shahara da ita a shekarun 1980, suna zuwa kasuwar fina-finai ta Cannes da fostocin fina-finan da ba a ma ɗauka ba. To, idan suna ne ya kawo kuɗin, suna ne zai kwashe kaso mafi tsoka. Sai a ɗauko tauraron na kwana ɗaya ko biyu ko uku, a zaunar da shi a ofis ko cikin mota, ya yi ta magana a waya yana ba da umarni. Duk inda ka ga ƙeyarsa kawai, ko an hango shi daga nesa yana gudu, wani ne ya saka rigarsa. Abin da ya rage na kuɗin shi za a lallaɓa a ɗauki sauran fim ɗin cikin mako biyu ko uku, galibi a wuraren da aiki ke da sauƙi ko gwamnati ke mayar da wani kaso na abin da aka kashe, irin su Bulgeriya da Romaniya da wasu jihohin Amurka.

Wani dare na zauna da irin wannan fim, fuskar wani jarumi da nake ƙauna tun ina yaro ta cika fostar. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai na fara duba agogo duk lokacin da ya fito. Bai cika minti goma ba a fim ɗin gaba ɗaya, kuma ko sau ɗaya ban gan shi a hoto ɗaya da bos ɗin da ake cewa yana farauta ba. A ɗaki daban aka ɗauki kowannensu, aka haɗa a wajen tacewa, har hasken fuskokinsu ya sha bamban. Na kashe na kwanta da ɓacin rai, domin na ji an yi amfani da ƙaunata an yaudare ni. Daga baya abin ya ƙara min nauyi da labarin Bruce Willis ya fito. A shekarar 2021 kaɗai sunansa ya hau fina-finai irin waɗannan fiye da shida, jama'a suna ta yi masa ba'a cewa ya daina ƙoƙari. A watan Maris na 2022 iyalinsa suka sanar cewa yana fama da lalurar da ke hana mutum sarrafa magana, a Fabrairun 2023 kuma suka bayyana cewa cutar ƙwaƙwalwa ce mai cin tunani. Tun daga lokacin, idan na ga tsohon jarumi a tsaye kamar an dasa shi a irin wannan fim, tausayi nake ji, kuma ina ƙara ƙin tsarin da ya ajiye shi a wurin. Alfanun wannan gida ɗaya ne: ba ya neman hankalinka, kana iya barinsa yana yi kana wani aiki. Idan wannan ne buƙatarka, to. In ba haka ba, wuce.

Gida na biyu shi ne inda zuciyata take: fim ɗin da aka zuba kuɗinsa a jikin mutane. Jarumin ɗan faɗa ne na gaske, ya shekara ashirin yana horo, daraktan kuma sau da yawa tsohon mai tsara faɗa ne ko wanda ya yi rayuwarsa yana tsalle da faɗuwa a madadin taurari. Asalin gidan tsoho ne. Fist of Fury na Bruce Lee, da ya fito a Hong Kong a 1972, labarin ɗalibi ne da ya tashi ɗaukar fansar malaminsa. A wannan zamani akwai irin su Scott Adkins ɗan Ingila, da Iko Uwais ɗan Indonesiya, da Tony Jaa ɗan Tailan. Chad Stahelski, wanda ya ba da umarnin John Wick, shi ne ya riƙa tsayawa a madadin Keanu Reeves a The Matrix, kuma za ka ga wannan tarbiyya a kowane faɗa da ya ɗauka.

A nan ne ya kamata mai zaɓe ya buɗe ido, domin a nan ake gane gaskiya. Ka lura da inda aka ajiye kyamara lokacin faɗa. Idan mutanen sun iya, darakta yakan ja baya ya bar ka ka gan su daga kai har ƙafa. Kana ganin hannu ya taso, ya sauka a haƙarƙari, wanda aka daka ya lanƙwashe, duk a hoto ɗaya ba a yanke ba. Ka san ina ƙofa take, ka san mutum nawa suka rage, ka san wuƙar da ta faɗi tana ƙarƙashin tebur, saboda haka zuciyarka tana bugawa lokacin da wani ya miƙa hannu wajenta. Idan kuwa ba su iya ba, sai a manna kyamara a fuska, a yi ta girgiza ta, a yanka hoton gutsi-gutsi: kafaɗa, dunƙulen hannu, ƙarar duka, mutum a ƙasa. Kunnenka ne ya ji faɗa, idonka bai gani ba. Kuma wannan cuta ba ta talakawan fina-finai ba ce kaɗai. A kashi na uku na Taken akwai wurin da jarumin yake tsallake shingen waya, abin da bai wuce daƙiƙa shida ko bakwai ba, amma an yanka hoton fiye da sau goma. Kwatanta wannan da faɗan lungu na Oldboy, fim ɗin Koriya ta Kudu na 2003 da Park Chan-wook ya yi da kusan dala miliyan 3. Mutum ɗaya da guduma, gungun mutane da sanduna, kyamara tana bin su ta gefe kusan minti uku babu yanka. Sau 17 aka maimaita ɗaukarsa cikin kwana uku. Abin da ya sa ba ya fita daga rai shi ne gajiyar. Jarumin yana faɗuwa, a taru a kansa, ya miƙe yana haki, ya dafa gwiwa, su ma abokan faɗan suna ja da baya don sun fara tsoro. Gajiyar da kake gani ta gaske ce, kuma babu kwamfutar da take ƙera ta.

Rashin kuɗi ma wani lokaci shi ke haifar da dabara. Gareth Evans, ɗan yankin Wales da ke aiki a Indonesiya, ya so yin babban fim amma kuɗi suka ƙi samuwa, sai ya rubuta labarin da kusan dukkansa a cikin bene ɗaya yake faruwa. Haka The Raid ya fito a 2011 da kusan dala miliyan 1.1. Ba labarin fansa ba ne kai tsaye, amma ya zama ma'aunin da ake gwada faɗan fim da shi har yau. Avengement na 2019, wanda Jesse V. Johnson ya ɗauki Adkins a ciki, ya bi irin wannan hanya: fursuna ya tsere, ya tsare mutanen yayansa a mashaya ɗaya yana jiran wanda ya ci amanarsa, labarin yana komawa baya yana nuna yadda kurkuku ya mayar da shi abin da ya zama. Ɗaki ɗaya, minti kusan 90, babu ɓata lokaci.

Sai dai ba zan ɓoye aibin wannan gida ba, don yana da shi. Wanda ya iya shuri ba lallai ya iya kuka ba. Fitowar da ya kamata ta karya maka zuciya, inda jarumi ya tarar da gawar matarsa, sau da yawa ita ce mafi rauni a fim ɗin gaba ɗaya. Matar kanta ba a ba ta ko minti biyar ta zama mutum ba, an nuna ta tana murmushi a hasken rana, shi ke nan. Maganganun kamar an ciro su daga fim ɗin bara. Tsakiyar fim kuma, daga minti na 30 zuwa na 60, nan ne kuɗi suke ƙarewa a fili: mutane biyu a mota suna maimaita maka abin da ka riga ka sani, don magana ta fi faɗa arha. Idan kai mai neman labari ne da zai bi ka har gobe, za ka fito da yunwa. Idan kuwa kana kallon faɗa kamar yadda ake kallon gwanin rawa ko gwanin ƙwallo, a nan za ka sami abin da manyan kamfanoni ba su cika bayarwa ba.

Gida na uku ƙarami ne, kuma shi ya fi saurin ɓata wa wanda bai shirya ba rai. Fina-finai ne da suka ɗauki fansa a matsayin masifa da ta faɗa wa mutum na yau da kullum. Misalin da na fi riƙewa shi ne Blue Ruin na 2013, wanda Jeremy Saulnier ya yi da kimanin dala 420,000, ya haɗa da ajiyarsa da gudummawar jama'a ta shafin intanet na Kickstarter, ya riƙe kyamara da kansa, ya saka abokinsa na ƙuruciya Macon Blair a matsayin jarumi, fim ɗin kuma ya je bikin fina-finai na Cannes ya ciyo kyautar masu sharhi. Jarumin ba soja ba ne, ba ɗan dambe ba. Mutum ne da ke kwana a cikin tsohuwar mota, gemu buzu-buzu, sai aka sanar da shi za a saki wanda aka ɗaure kan kisan iyayensa. Ya saci bindiga, ya tarar an kulle kunamarta da kwaɗo, ya yi ta dukan kwaɗon har ya lalata bindigar. Da wuƙa ya je. Abin da sauran fina-finai suke ajiyewa sai ƙarshe, shi ya gama shi tun wajen minti 20 na farko, cikin ruɗewa da ƙazanta, sauran fim ɗin duka a kan abin da ya biyo baya ne, domin wanda ya kashe ɗin ma yana da dangi, shi kuma yana da 'yar'uwa mai 'ya'ya. Akwai wurin da aka harbe shi da kibiya a cinya. Ya sayo kayan ɗinki da magani zai cire da kansa kamar yadda jarumai suke yi, ya kama, ya ja, ihu ya ƙwace masa, ƙarshe dai a asibiti ya zube. Ban taɓa ganin fitowar da ta tona asirin ƙaryar fina-finan faɗa kamar wannan ba. Dead Man's Shoes na Shane Meadows, da aka ɗauka a Ingila cikin mako uku ya fito a 2004, ɗan wannan gida ne shi ma.

Ƙarfin waɗannan shi ne, ƙarancin kuɗin bai zame musu naƙasa ba, don labarin talaka ne a wuraren talakawa. Rauninsu kuma, tirela takan sayar da su a matsayin fim ɗin faɗa, alhali faɗan bai fi sau uku ko huɗu ba, gajere, mai muni. Suna tafiya a hankali, shiru ya yi yawa, kuma za ka tashi da nauyi a ƙirji. Wanda ya dawo a gajiye yana neman abin da zai wartsake shi, kada ya fara da nan.

Akwai wani ɗan reshe da ba zan iya wucewa ban ambata ba. A unguwar Wakaliga ta Kampala a Yuganda, Nabwana I.G.G. ya fitar da Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da bai kai dala 200 ba, da maƙwabta a matsayin 'yan wasa, da bindigogin da aka ƙera da tarkacen ƙarfe da katako. Jirgin sama da fashewar da ke ciki kowa ya san zane ne na kwamfuta, ba su ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Amma tsallen da shurin na gaske ne, farin cikin masu yin ma na gaske ne, kuma ya zaga duniya. Na fi girmama shi nesa ba kusa ba a kan fim ɗin dala miliyan biyar da tauraronsa ya zo na kwana biyu.

Wani aibi kuma ya ratsa gidajen nan duka, har da manyan fina-finai, kuma shi ya fi damuna. Don a ba jarumi lasisin kashe mutum arba'in, sai an fara wulaƙanta wani, kuma kusan kullum mace ce. Akwai daraktan da yake nuna abin a taƙaice ya kawar da kyamara, akwai wanda yake tsayawa a kai yana jan lokaci, har ka gane cewa wannan wurin ma kayan sayarwa ne a gunsa. Da zarar na ga haka nake kashewa. Death Wish na 1974, wanda Charles Bronson ya fito a ciki, daga littafin Brian Garfield na 1972 aka ɗauko shi, kuma marubucin bai ji daɗin yadda fim ɗin ya mayar da ɗaukar doka a hannu abin tafi ba, har ya rubuta ci gaban littafin a 1975 don ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. Kamfanin Cannon ya karɓi jerin daga 1982, gawa ta ƙaru, tambaya ta ragu. A irin wannan tsari 'yan sanda kullum ragwaye ne ko maciya amana, kotu wasa ce, miyagun kuma ba su da uwa ba su da suna, galibi baƙi ne ko 'yan unguwar talakawa. Akan ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma daɗin da mai kallo yake ji ke nan idan azzalumi ya faɗi, ni ma ina jin sa. Amma fim ɗin kirki yakan tuna cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma zafin ba ya tsayawa a kan wanda aka nufa. Wasu sun gwada juya abin. Coralie Fargeat 'yar Faransa, a fim ɗinta Revenge na 2017 da aka ɗauka a hamadar Maroko, ta bar matar da aka zalunta ta zama ita ce mai farautar, ta kuma ƙi tsayar da kyamara a kan wulaƙancin. Jini ya yi yawa a cikinsa ƙwarai, wannan gargaɗi ne, amma ka san a gefen wa daraktar take.

Batun jini ya kawo ni ga abin da masu kallo suke yawan kuka da shi, wato wutar bakin bindiga da jinin da aka zana da kwamfuta. Gaskiya ne mara kyau yana da muni: wuta ta fito amma bango bai haska ba, hannun mai harbi bai motsa ba, kwanson harsashi bai faɗo ba, jini ya fantsama ya ɓace a iska bai taɓa riga ba. Amma ni na daina zargin dabarar kanta. Brandon Lee ya mutu a watan Maris na 1993 yana ɗaukar The Crow, fim ɗin fansa, saboda bindigar da ba a duba ta yadda ya kamata ba. A Oktoban 2021 mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasa ranta a wajen ɗaukar Rust a jihar New Mexico, da harsashi na gaske da ya shiga bindigar da ake ɗaukar fim ɗin da ita. Inda kuɗi suka yi ƙaranci, gaggawa takan yi yawa, kuma mai kula da lafiyar ma'aikata yana cikin waɗanda ake fara matse wa lokaci. Idan wutar kwamfuta ce za ta sa kowa ya koma gida lafiya, na yafe ɗan munin. Abin da ba na yafewa shi ne sauti. Fim ɗin da muryoyinsa suke amo kamar a cikin rijiya, ko kiɗa ya danne magana, ko duk naushi ƙara ɗaya yake yi, ya nuna masu shi ba su zauna sun saurari abin da suka yi ba. Hoto mai ɗan duhu ido yana sabawa da shi cikin minti biyar, kunne kuwa ba ya sabawa.

Saboda haka idan ka tsaya a gaban fostocin nan, fara da sanin abin da ranka yake so a daren. Kuna da yawa a ɗaki, ana son a yi ihu tare, ɗauki babban fim ko ɗan gida na biyu. Kai kaɗai ne, hankalinka a kwance, kana son abin da za ka kwana kana juyawa, nemi ɗan gida na uku. Da yara a kusa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya dace, mai tsada ko mai araha. Bayan haka sai ka duba sunan darakta kafin sunan jarumi, minti ɗaya a intanet ya isa ka ga ko ya fito daga cikin masu tsara faɗa, ko kuwa mutum ne da yake fitar da fim huɗu a shekara. Ka kalli tirela da ido biyu: idan babban sunan da ke kan fosta a zaune kawai kake ganinsa, wani saurayi da ba ka sani ba shi ke ta gudu da harbi, ka riga ka san gidan da ka shigo. Idan fosta ta jera tsofaffin taurari uku, abin ya fi muni, don an raba kuɗin uku ke nan kafin a sayi ko fitila. Tsawon fim ma yana magana. Labarin fansa mai ƙaramin jari da ya tsaya tsakanin minti 85 da 100 yawanci ya san iyakarsa, wanda ya haura awa biyu kuwa da wuya a ce ba ciko aka yi ba.

Gwajin da bai taɓa ba ni kunya ba shi ne faɗan farko. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma masu fim sun san dole su nuna iyawarsu da wuri, saboda haka abin da ka gani a faɗan farko shi ne mafi kyawun abin da suke da shi, ko kusa da haka. Yakan zo kafin minti na 20. Ka dubi ƙafafun masu faɗan. Idan kana ganinsu a ƙasa, kana ganin inda kowa ya taka da inda ya faɗi, gyara zama. Idan faɗan ya ƙare ba ka ga ƙafar kowa ba, kuma ba za ka iya faɗin wa ya daki wa ba, kashe shi ka koma jerin, har yanzu kana da awa ɗaya da minti arba'in.